Kafin ku biya kuɗin inshorar gona

Salamu alaikum 'yan uwa manoma. Ga mai son yi wa gonarsa inshora a nan Kano, ya fara da malamin gona na yankinsu ko ofishin KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, su nuna masa hanyar NAIC, hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya. Wanda batun kuɗin ruwa ke damunsa kuma, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. Duk wakilin da ya zo muku, ku tabbatar kamfaninsa na da lasisin NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a ƙasar nan, kuma a asusun kamfani za ku biya, ba a hannunsa ba.

Inda mutane suka fi shan ruwa shi ne takardar yarjejeniyar inshorar kanta. Ambaliya, fari, gobara da ƙwari galibi suna ciki. To sata fa? Ɓarnar shanu fa? Ku tambaya, a nuna muku a rubuce, kada a ce "ai duk an haɗa". Sau da yawa kuɗin da ka zuba, iri da taki da ƙwadago, shi ake mayar maka, ba ribar da ka ci buri ba. Don haka ku adana rasit.

In ɓarna ta faru, ku ɗauki hoto, ku kai rahoto ranar, kada ku sake shuka sai wakilan kamfanin sun zo sun duba.