Yaushe Ya Dace A Ƙara Kare Na Biyu A Gida?

Lokacin da na koma wani gida a bayan garin Zariya, inda nake kiwon kaji da 'yan tumaki, na samo ɗan kwikwiyo domin gadi, kuma bai cika wata tara ba na soma tunanin samo masa ɗan'uwa. Yana kwana haushi, yana tona gindin katanga, yana yayyaga duk buhun da ya ci karo da shi, sai wani abokina ya ce mini kaɗaici ne ke damunsa, da zarar ya sami abokin zama zai natsu. Na karɓi shawarar, na kawo na biyu. Kafin sati uku, karnuka biyu ne suke kwana haushi, ramukan gindin katanga sun ninku, kuma wata safiya na tarar da kaji huɗu a mace a bakin akurki, abin da na farkon bai taɓa yi ba lokacin da yake shi kaɗai. Da na kai kukana ga likitan dabbobi, tambaya ɗaya ya yi mini: awa nawa karen farko yake yi a ɗaure? Na ce tun daga asuba har bayan sallar isha'i. Ya ce ai ciwon ke nan, kare mai jini a jika da aka ɗaure yini guda dole ya huce a kan wani abu idan an sake shi, kuma sabon da na kawo ya zo ne ya koyi abin da ya tarar.

Saboda haka abu na farko da ya kamata mai gida ya duba, tun kafin ya tambayi farashin kwikwiyo, shi ne halin karen da yake gidansa a yanzu. Karnuka suna koyi da juna, kuma ƙarami ne yake bin sawun babba, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. Idan karenka yana zuwa idan ka kira sunansa, yana yin shiru idan ka tsawata, ya san yaran gida, ya bambanta baƙon da ka shigo da shi da wanda ya hauro katanga, ba ya bin kaji ko 'yan awaki, to zai ɗauke maka rabin aikin tarbiyyar sabon. Idan kuwa har yanzu sai an ɗaure shi kafin baƙo ya shigo zaure, ko yana yi wa yara gurnani a kan abinci, to lokaci bai yi ba, ko da kuɗin suna aljihunka. Ka fara gyara wannan, ka rage masa zaman sarƙa, ka riƙa fita da shi yana motsa jiki safe ko yamma, sannan ka ba shi watanni ka ga ko halin ya zauna.

Sai kuma ka tambayi kanka aikin da kare na biyu zai yi. A ƙasar Hausa yawanci saboda buƙata ake ajiye kare, kuma ga Musulmi wannan magana ce ta addini kafin ta zama ta al'ada, domin hadisi ya yi izinin riƙe kare saboda farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona, ya kuma yi gargaɗin tauyewar lada a kullum ga wanda ya riƙe shi ba tare da irin wannan dalili ba, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai tsoron ɓarayi. Buƙatar da ta sa ka ajiye na farko ba lallai ba ne ta kai ga na biyu. Gidan da yake kan fuloti ɗaya, mai ƙofa ɗaya da katanga mai tsawo, kare ɗaya mai kunne ya ishe shi. Amma wanda yake da gidan gona mai faɗi, turken shanu a gabas, ɗakin kaji a yamma, ko makiyayin da garkensa ya yi yawa, ko mafaraucin da yake shiga daji da rani, yana da hujja a fili, domin kare ɗaya ba ya tsare kusurwa biyu a lokaci guda. Akwai kuma dalilin da na fi ganin ƙarfinsa, wato karen farko ya fara manyanta, ana son magaji ya koyi gida a hannunsa tun yana da ƙarfi.

Wannan ya kawo mu ga shekaru, inda mutane suka fi yin kuskure ta ɓangare biyu. Kare yana balaga tun yana wata shida zuwa shekara guda, amma hankalinsa ba ya zama sai ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, manyan jinsuna irin su Alseshan da Rotwaila da Bowabul ma sukan wuce haka. Kawo kwikwiyo kafin wannan lokaci daidai yake da ba yaro renon yaro. Haka kuma ɗaukar 'yan kwikwiyo biyu daga ciki ɗaya, wanda masu sayarwa suke kwaɗaitarwa da rangwame, yakan haifar da karnukan da suka shaƙu da juna har ba sa sauraron mai gida, idan an raba su kuma su rikice da kuka. A ɗaya ɓangaren, babban kare yakan shiga tsufa daga shekara 7 ko 8, gaɓoɓinsa su soma ciwo, haƙurinsa ya ragu, kuma kwikwiyon da yake hawa kansa yana jan kunnensa yini guda azaba ce a gare shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin shekara 2 zuwa 6 na karen farko, yana da natsuwar da zai koyar, yana kuma da ƙarfin da zai jure wasa. Shi kuma kwikwiyon, kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika sati 8, domin a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizo.

Game da zaɓin namiji ko mace, abin da masu kiwo da likitoci suka daɗe suna gani shi ne kare da karya sun fi zama lafiya. Maza biyu sukan gwada ƙarfi, musamman idan girmansu ɗaya, amma galibi da zarar ɗaya ya sarara sai a zauna. Mata biyu kuwa, idan gaba ta shiga tsakaninsu, ta fi wuyar kashewa, kuma faɗansu yakan kai ga mummunan rauni. Sai dai haɗa namiji da mace yana da nasa nauyin, domin karya takan nemi barbara kusan sau biyu a shekara, kowane karo sati biyu zuwa uku, a lokacin karnukan unguwa za su yi dafifi a ƙofarka, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka, ta haifi biyar, shida, wani lokaci fiye. Wanda bai shirya wa wannan ba ya je wurin likita a yi wa namijin dandaƙa ko a yi wa macen aikin hana haihuwa. Ina jin zafin ganin 'yan kwikwiyo da aka zubar a bola cikin kwali, kuma kusan kullum asalin abin shi ne mai gida da ya haɗa kare da karya bai yi lissafin abin da zai biyo baya ba.

Lissafin kuɗi a fili yake, komai zai zama biyu. Idan ragowar tuwo da ƙanzo da ƙasusuwan da kake karɓowa daga mahauta suna isar kare ɗaya da ƙyar, na biyu zai sa ka fara dafa musu tukunya ta musamman, kuma kare mai yunwa shi ne yake shiga akurki ko ya tsallaka maƙwabta. Ka gwada kanka tun kafin ka saya: ka ware kuɗin abincin kare na biyu wata uku a jere, idan cefanen gida bai girgiza ba, to kana iyawa.

Maganar lafiya ce ba na son a yi mata sakaci ko kaɗan, domin a nan ran mutum ne a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomin ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu tsira. Allurar rigakafinsa ana yi wa kwikwiyo ne yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma ana samunta a asibitocin dabbobi na jihohi da na jami'o'i irin na Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ma tana sarrafa ta. Wanda bai iya riƙe katin allurar kare ɗaya yana sabuntawa ba, bai kai ga riƙe biyu ba. Akwai kuma cutar fabo, mai sa kwikwiyo amai da zawon jini, wadda take kisa cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma takan yi watanni da yawa a cikin ƙasar tsakar gida. Idan kwikwiyo ya taɓa mutuwa a gidanka da irin wannan zawo, kada ka kawo wani sai wanda ya kammala allurarsa, wadda ake farawa daga sati 6 zuwa 8 a maimaita bayan 'yan makonni kamar yadda likita zai tsara. Duk sabon kare, ko daga gidan amininka ya fito, a keɓe shi kamar sati biyu, a ba shi maganin tsutsar ciki, a duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska, a lura da cin abincinsa da kashinsa kafin ya haɗu da na gida.

Mutanen gida ma suna da ta cewa. Uwargida ce take yini da karnukan yayin da kai kana kasuwa ko ofis, ita ce za ta riƙa kare butoci da tabarmin salla da kwanukan abinci daga bakinsu, saboda haka idan ba ta amince ba, a dakata. Haka nan idan ana jiran haihuwa, ko za a tashi zuwa sabon gida, ko kana shirin tafiya mai tsawo, a bari al'amura su lafa. Maƙwabta kuma suna da haƙƙi, musamman inda yara da almajirai suke bin lungu, domin karnuka biyu suna zuga juna su yi abin da ɗaya ba zai yi ba. Ka zagaya katangarka ka toshe duk wata kafa kafin ranar da za ka kawo sabon. Ni dai ba na son a kawo kwikwiyo a tsakiyar bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, sai in akwai inuwa ta gaske da ruwa a wurare biyu, domin babban kare yakan kwanta a bakin kasko ya hana ƙarami sha.

Idan duk wannan ya daidaita, ranar haɗuwa kada ta kasance a tsakar gida, domin nan mulkin na farko ne. A sami fili a waje wanda babu mai shi a cikinsu, mutum biyu, kowa riƙe da igiyar kare ɗaya, a yi ta tafiya gefe da gefe da tazarar taku goma, ana matsowa sannu a hankali har su shinshina juna na ɗan lokaci, a janye su, a sake. Ka lura da jiki fiye da wutsiya, domin kaɗa wutsiya ba kullum yake nufin murna ba. Jiki a sake, da sunkuyar da ƙirji ƙasa ana ɗaga baya, alamar neman wasa ce. Jiki a sandare, gashin baya a miƙe, ido a kafe, leɓe a ɗage, alama ce ta a ƙara tazara nan take. Bayan nan a shigo gida tare, bayan an kwashe ƙasusuwa da duk abin da na farko yake kishi a kai. Kowa da kwanonsa da wurin kwanansa, a ciyar da su a rabe inda ba sa ganin juna, a fara da babba, kuma kada a sake su tare da dare sai an yi makonni ana ganin zamansu da rana. Idan babba ya yi wa kwikwiyo ɗan gurnani saboda ya dame shi, kada ka doke shi, tarbiyya yake yi, kuma karen da aka hana gurnani yakan koma cizo ba gargaɗi. Ka kuma riƙa ware lokaci da sabon shi kaɗai, kana kiran sunansa kana koya masa, domin ya san muryarka ce gaba da ta ɗan'uwansa.

Faɗa yana iya ɓarkewa duk da haka, kuma kada ka taɓa sa hannu tsakanin bakunansu. A watsa musu bokitin ruwa, ko a saka faifan katako a tsakani, a kuma hana yara matsowa. Idan haƙori ya sami mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a kuma tsare karen ana lura da shi kwana 10. Tun ranar da za ka karɓi sabon kare, ka yi magana da mai shi cewa za ka iya mayar da shi idan zama ya ƙi. Idan aka yi wata guda ko biyu ana zubar da jini, ko babban ya daina cin abinci ya koma ɓuya a bayan ɗaki, to a raba su, a mayar da sabon ko a nema masa gidan gonar da zai zauna shi kaɗai, tare da katin allurarsa.