Yadda Ake Auna Shirin Tallafa wa Marayu Matasa Kafin a Zuba Masa Kuɗi

Da goman ƙarshe na azumi ta kama, wayoyinmu a Zariya sukan cika da hotuna: yara sun yi layi a harabar wata makaranta a Tudun Wada ko Gyallesu, kowa rungume da leda mai yadi da taliya, ga wani babban mutum a tsakiya yana murmushi. Alheri ne, Allah ya saka. Sai dai ni da na daɗe ina riƙe da littafin kuɗin wani ƙaramin kwamitin marayu na unguwarmu, na gane hoton rabo ba ya gaya maka komai game da yaron da ya haura shekara 15. Shi wannan abin da zai tsaya da ƙafarsa yake nema. To ko kai mai bayarwa ne, ko ɗan kwamitin masallaci ko na coci, ko ma'aikacin walwala da aka tura ya duba wata ƙungiya, ga hanyar da nake bi.

Da farko ka sa masu shirin su faɗa maka abin da suka sa gaba, a taƙaice. "Muna taimakon marayu" ba amsa ba ce, kowa ma yana yi. Amsar da za ka iya riƙewa ita ce irin "yara 40 da muka ɗauka za su gama sakandare su rubuta WAEC ko NECO", ko "cikin shekara biyu 'yan matan nan za su iya karɓar ɗinki da kansu". Wannan ita ce tiyarka, kuma ba a awon hatsi babu tiya. In sun kasa faɗa, ku zauna ku fitar da ita tare, ka rubuta, su sa hannu.

Na biyu takardu, kuma kada ka daɗe a nan. Ka ga rajistarsu ta CAC, wato hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. In yara suna kwana a hannunsu, ka nemi izinin ma'aikatar jihar Kaduna mai kula da walwalar jama'a. Ka tabbata asusun banki da sunan ƙungiya yake, ba da sunan shugaba ba, kuma mutum biyu ne ke sa hannu. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar a 2018. Ka riƙe wannan lamba ta 18, domin a nan yawancin tallafi yake yankewa. Ka tambaye su kai tsaye: ranar da yaro ya cika 18, me kuka tanadar masa?

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan aikin. Ka ce su ba ka rajistar yaran bara da na bara waccan, ba na bana ba. Ka zaɓi suna goma da hannunka, misali duk suna na biyar a jeri. Kada ka yarda su zaɓar maka, don kowace ƙungiya tana da yaro ɗaya mai ƙwazo da take fitowa da shi duk sa'ad da baƙi suka zo. Sannan ka sa takalmi ka bi gidajen.

A irin wannan zagaye ne na sha kunyar da ba na mantawa, kuma namu kwamitin ne ya yi laifin. Mun raba kekunan ɗinki, an yi taro, mai unguwa ya zo, an sha lemo. Bayan kusan shekara na shiga wani lungu a cikin birni neman ɗaya daga cikin 'yan matan. Gwaggonta ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka gaisa.

"Gwaggo, yaya keken da aka ba ta? Tana samun ɗinki kuwa?"

Ta yi shiru, ta gyara mayafi. "Ai ɗan nan, baffanta ya ɗaga shi tun farkon damina. Kuɗin taki ya sha kansa. Ya ce in an yi girbi zai mayar."

An yi girbi, keke bai dawo ba. Yarinyar kuwa tana tallan awara a bakin titi. A littafinmu an rubuta "ta samu sana'a". Tun daga nan muka canza: keke yana zama a shagon mai koyarwa har sai an yaye yarinya, kuma mariƙinta yana sa hannu a gaban mai unguwa cewa kayan nata ne. Saboda haka in ka je, kada ka tsaya a "an ba ta?" Ka ce a nuna maka kayan, ka duba ko akwai zare a jikin keken, ko kuwa an rufe shi da zane an mayar da shi teburin ajiye kwanuka.

Ka nemi magana da matashin shi kaɗai, ba a gaban mariƙi ko jami'in ƙungiya ba. In mace ce, ka tafi da mace ta yi tambayar. Tambayoyina ba su da yawa. Jiya sau nawa ka ci abinci? Yaushe rabonka da makaranta ko shago? Sana'ar nan kai ka zaɓa ko zaɓar maka aka yi? In ka shiga matsala da dare, wa za ka kira? Wannan ta ƙarshe ita na fi ba nauyi. Matashin da ya kasa ambatar babba ko ɗaya da ya yarda da shi, shirin bai gama aikinsa a kansa ba, ko nawa aka kashe masa.

Ka kuma ce ya nuna maka takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da lambar NIN, ka gwada sunayen da ke jiki. Marayu da yawa kawu ko baffa ne ya kai su firamare ya rubuta nasa sunan, a NIN kuma sunan mahaifi. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da NIN, don haka yaron da ya yi shekara shida yana mafarkin shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko Kwalejin Nuhu Bamalli yana iya tsayawa cik saboda saɓanin suna. Shirin da ya san aikinsa tun yaro yana ƙaramar sakandare yake gyara wannan. Haka batun gado. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a jarraba maraya, in an ga ya yi hankali a miƙa masa dukiyarsa a gaban shaidu. Ƙungiyoyi ƙalilan ne ke tambayar ko mahaifin ya bar gona ko ɗaki, da wanda ke riƙe da su. Sau da yawa abin da ke hannun dangi ya fi duk abin da ƙungiya za ta iya bayarwa, amma magana ce mai ƙaiƙayi, kowa gudunta yake yi.

Na huɗu lissafi. Ka ƙirga daga waɗanda suka shiga, ba daga waɗanda suka gama ba. A ce yara 50 aka ɗauka, 20 suka kai ƙarshe, 15 suna aiki. Masu shiri za su ce maka 15 cikin 20, kai ka rubuta 15 cikin 50, sannan ka tambayi ina 30 ɗin da ba su kai ƙarshe ba suka shiga: aure ne, ƙaura ce, ko kuɗin mota daga Ɗanmagaji zuwa shagon Sabon Gari ne ya gagara? In na ƙarshen ne, gyaran mai sauƙi ne. Ka haɗa duk abin da aka kashe, har da hayar rumfa da kujeru da riguna masu tambari, ka raba a kan 15 ɗin nan. Shi ne kuɗin tsayar da matashi ɗaya. Ka kuma leƙa halin 'yan uwansu ko maƙwabta masu irin yanayinsu da ba su shiga shirin ba. In duk ɗaya suke, to shirin bai ƙara komai ba. In aikin ya fi ƙarfinka, ɗaliban sashen nazarin zamantakewa na Samaru sun saba da irin wannan tattara bayanai, ka nemi malaminsu ya haɗa ku.

Na biyar, in gidan kwana ne, ka je ba sanarwa, ranar Talata da hantsi, ba Juma'ar da aka yi shara don baƙi ba. Ka shiga madafa da banɗaki. Wa ke kwana da yaran? Ɗakunan maza da na mata a ware suke? In yaro ya kwanta ciwo, akwai kati a asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika, ko kuwa sai kemis na bakin layi? In ma'aikaci ya ci zalin yaro, wa zai kai wa ƙara banda shi ma'aikacin? Ni dai duk ƙungiyar da na ga tana baza fuskokin 'yan mata baligai a Facebook da rubutun "marayunmu", nakan rage mata maki, don gobe su ne za su shiga aji da wannan tambari.

Abin da ka gani ka rubuta shi a shafi ɗaya, ka fara karanta wa masu shirin kafin masu ba da kuɗi su gani, su gyara maka inda ka yi kuskure. Ku tsayar da abu biyu ko uku da za a canza, ku sa ranar dawowa bayan wata shida. Kafin ka tashi, ka roƙe su su riƙa ajiye lambar waya uku ga kowane matashi: tasa, ta mariƙinsa, da ta wani maƙwabci ko mai unguwa. Matasa suna canza layi kamar riga, kuma a zagayena na farko, cikin goman da na zaɓa, huɗu ta wayar maƙwabta na same su.