Yadda na gyara rurin sabwufa a ɗakin sauraron kiɗa

Na sayi sabwufa mai inci 12, wato lasifikar da ke fitar da bes, sauti mai kauri irin na babbar ganga, wadda akwatinta ke da ramin fitar iska, amma duk lokacin da na kunna kiɗa sai bes ya yi ta ruri, ya danne muryar mawaƙi, har gilashin taga yana karkarwa. Na zargi wayar haɗi, na canza ta, ba abin da ya sauya. Na rage ƙara kuma, sai bes ya ɓace ɗungum.

Ashe kusurwar ɗakin da na ajiye ta ce ke ƙara wa ƙananan sautuka ƙarfi fiye da kima. Don in gano wurin da ya fi dacewa da ita, sai na ɗora sabwufar a kan kujerar da nake zama, na kunna waƙa mai bes mai maimaituwa, na bi gefen bango da rarrafe ina kasa kunne, har na isa inda kowane bugu ke fita sarai ba tare da jan wutsiya ba. Nan na mayar da ita.

Daga nan na sauke maɓallin raba sauti, wanda ke iyakance sautin da sabwufar za ta fitar, daga 150 Hz zuwa 80 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantakar sauti ne), domin a da ita da manyan lasifikoki suna rera sauti guda tare. Na juya maɓallin fes, wanda ke daidaita bugun sabwufar da na manyan lasifikoki, daga 0 zuwa 180, na bar shi inda bes ya fi cika a mazaunina. A ƙarshe na toshe ramin da soson da ya zo tare da ita, bugun ganga ya ƙara tsauri. A ganina, rufaffen akwati ya fi dacewa da kiɗa a ƙaramin ɗaki. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.