Kafin a tayar da motar da ta daɗe a ajiye

Jama'a, motar da ta yi shekara ko fiye a ajiye, kada a saka batir a murɗa makulli kai tsaye. Baƙin mai ya riga ya tsiyaye ƙasa, ƙarfe zai goga ƙarfe a bushe.

A fara juye tsohon fetur daga tanki. Idan ya daɗe yakan yi danƙo, ya toshe kafireto ko ya kashe famfon mai. A canja baƙin mai da filtarsa. Sannan a kwance fulogogi, a ɗiga mai kamar ƙaramin cokali a kowane rami, a bar shi ya kwana. Washegari a sa sifana a kan fulin ƙasa a juya injin da hannu. In ya cije, kada a matsa masa, a kira bakanike.

A leƙa gidan filtar iska da wayoyi, ɓeraye na son yin sheƙa a nan. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6.

Man birki yana shan danshi, a canja shi. Tayar da gefenta ya tsattsage kuwa, ko zanenta bai ci ba, kada a hau titi da ita.