Yadda za ki kula da tsoho a gida in annoba ta shigo gari

A Kanada, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda korona ta kashe a farkon annobar, cikin 2020, mazauna gidajen jinyar tsofaffi ne. Can suna da ma'aikatan jinya masu zurfin karatu, waɗanda doka ta yarje musu su duba maras lafiya su rubuta magani. Mu nan Maraɗi tsohonmu na ɗakinsa a cikin gida, aikin kuma kan ɗiya ko suruka yake faɗawa. Ga abin da nake gaya wa matan da ke zuwa wurina a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa.

Mutum guda ya riƙe jinyar, ba kowa ya sa hannu ba. Ki sa takunkumi, ki wanke hannu da sabuni kafin shiga da bayan fita, ki bar taga a buɗe. Kwanonsa da butarsa nasa ne shi kaɗai.

Sai babban abin: kada ki jira zazzaɓi. Sau da yawa jikin tsoho ba ya zafi ko da ciwo ya kama shi. Abin da za ki gani shi ne Baba ya ture furar da ba ya ƙi, ko ya rikita sunayen jikoki, ko barci ya yi masa yawa. Ki sami littafi ki riƙa rubutawa safe da marece: me ya ci, ya sha ruwa, ya yi fitsari? Ki ƙirga numfashinsa minti guda. Daga 12 zuwa 20 daidai ne. In ya doshi 30, ko ya kasa ƙare magana sai ya huta, a kai shi asibiti a take, ko da tsakar dare ne. Ki taho da littafin, ya fi mini amfani da “jikin ne dai ba daɗi”.

Maganin hawan jini da na suga kada a dakatar ba tare da an tambayi likita ba. In ba ya iya tashi, a juya shi duk awa 2 don kada baya ya yi gyambo.

Masu dubiya su ne masu wuya, don ba wadda ke son a ce ta kori dangin miji. Ki shimfiɗa musu tabarma a waje, su gaisa ta bakin ƙofa. In Hajiya ta yi fushi, ki ce likita ne ya hana, ni na ɗauki laifin.