Yadda ake sayen mota ta hannu a Maraɗi, da yadda ake riƙe ta

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Maraɗi na hannu ne, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin a ɗoro su a jirgin ruwa. Shekara da shekaru ta tashar Kwatano suke sauka su shigo ƙasa ta Gaya, amma da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin kawowa ya ƙaru, kuma a kan mai saye abin yake ƙarewa. Duk da wannan tsadar, kuɗin da za ka ƙirga wa mai mota ranar ciniki somin taɓi ne, domin takardu da mai da gyara su ne za su riƙa cin aljihunka muddin motar tana hannunka.

Don haka shawarata ita ce, kafin ka je wurin masu sayar da mota, ka fara zuwa wurin masu sayar da kayan gyara. Ka ambaci motar da ranka yake so, ka tambayi kuɗin famfon mai, da takalmin birki, da fitilar gaba, da gilashi, ka kuma tambaya ko akwai su a shago ko sai an aika Katsina ko Kano. Amsar da za ka samu ta fi duk wani yabon dillali amfani. Wannan ne dalilin da ya sa Toyota, musamman Corolla da Camry da Avensis, ta mamaye gari: kayanta na nan sabo da na hannu, kusan kowane makanike ya san cikinta, kuma ranar da ka so sayar da ita ba ka rasa mai saye. Babbar motar Jamus tana iya zuwa maka da araha, amma wani ɗan ƙaramin kayan lantarki ya lalace ta yi wata guda a garaji rufe da ƙura. Ka kuma yi la'akari da inda kake zaune da inda kake zuwa. Wanda gidansa yake cikin yashi a bayan unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ko yake yawan shiga ƙauyukan Dakoro da Mayahi, motar da cikinta ya yi ƙasa ba za ta yi masa ba, gara ya nemi mai ɗan tashi irin RAV4, ko da za ta ɗan fi shan mai.

Takardu su ne gaba da kome, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Kusan kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ko a jikin ginshiƙin ƙofar direba, sannan an buga ta a ƙarfen motar kanta. Ka gwada wannan lambar da wadda ke cikin kart giris, wato takardar rajistar mota, da takardar duwan, harafi bayan harafi, kuma idan ka ga alamar walda ko goge ko sabon fenti a wurin da aka buga ta, ka bar cinikin nan take, kome arahar motar. Kasancewar Maraɗi kusa da iyakar Ɗan Isa da Jibiya ya sa ana yawan kawo motoci masu lambar Najeriya a farashi mai jan hankali, musamman idan naira ta faɗi. Irin wannan motar sai an biya mata kuɗin duwan an sa mata lambar Nijar kafin ta zauna a hannunka ba fargaba, saboda haka ka je ofishin duwan da kanka ka ji abin da za a caje ka, ka haɗa shi da farashin, sannan ka duba ko arahar tana nan. In an daidaita, a rubuta takardar saye da sayarwa da shaidu, a sa mata hatimin hukuma, ka kuma gaggauta mayar da kart giris da sunanka. Yarda tsakanin 'yan'uwa abu ne mai kyau, amma idan mai asalin sunan ya rasu, magada takarda za su duba.

Duba motar kuwa, da safe ake yinsa, kafin kowa ya tayar da ita, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye ciwonsa. Ka tafi da makanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka biya shi ladan wuninsa. Ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake. Idan aka murɗa makulli, dole fitilun gargaɗi na gaban direba su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa cire ƙwanta aka yi don a rufe matsala. Ka koma baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, baƙi kuma yana nuna mai ya yi wa injin yawa. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba bayansa, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, to ruwa ya haɗu da mai, gyaran kuma babba ne.

Motocin Amurka suna buƙatar ƙarin lura, domin da yawansu an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka haska tocila a ƙarƙashin kujeru, ka nemi tsatsa ko busasshen laka, ka kuma shinshina ko akwai warin danshi. Ɗan ƙaramin maganaɗisu da za ka bi jikin bodi da shi zai ƙi kamawa a inda aka cike lotsawa da ƙullin gyaran bodi. Agogonsu da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato motar da ta nuna 150,000 ta yi kilomita 240,000. Agogon ma ana juya shi baya, don haka ka fi yarda da abin da sitiyari da kujerar direba da robar birki suka nuna na cinyewa. Bayan nan ka tuƙa ta a kwalta da kuma hanyar burji, rediyo a kashe, kana sauraron ƙafafunta da yadda giya ke shiga.

La'adar dillali a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya. Kada kuma ka zuba duk abin da ka tara a kan farashin mota, ka ware wani kaso na watannin farko, domin da wuya mota ta hannu ta zo ba ta nemi taya ko batir ko gyaran ƙafa ba.

Lissafin mai ba shi da wuya. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke farashin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Ƙaramar mota irin Corolla mai lafiya tana shan kusan lita 8 a kilomita 100, saboda haka zuwa Yamai da dawowa, wajen kilomita 1,300, zai ci lita ɗari da 'yan kai, wato sama da jika 50 a wancan farashin, ban da kuɗin hanya da abinci. Ka yi irin wannan lissafin a kan zirga-zirgarka ta wata, ka ɗora asiransi da binyet, wato harajin mota na shekara, da kuɗin duba lafiyar mota a hukumance, ka raba su a kan wata 12, sai ka ga ainihin abin da motar za ta riƙa ci. Man 'yan ruwa-ruwa na cikin kwalabe ya daina zama garaɓasar da yake a da tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, kuma datti ko ruwan da ke cikinsa famfon mai da nozul suke kashewa. In dole ta sa ka saya a ƙauye, a tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Abokan gabar mota a nan ƙura ce da zafi. Ka riƙa juyen baƙin mai duk kilomita 5,000 tare da matatarsa, da irin man da littafin motar ya faɗa, a galan mai hatimi, ba na awo ba. Matatar iska a hunturu tana toshewa da wuri, ka sa a duba ta a kai a kai, in ta yi baƙi a canja ta maimakon a yi ta hura mata iska har ta huje. A lagireto a zuba ruwan da aka yi dominsa, domin ruwan rijiya yana barin gasa-gasa da tsatsa da ke toshe hanyoyin ruwa, sai watan Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, allurar zafin inji ta tashi a tsakiyar hanyar Tasawa. In hakan ta faru ka tsaya ka kashe injin, kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce. Idan injinka mai bel ne a ciki ba mai sarƙa ba, kuma ba ka san ranar da aka canja shi ba, ka canja shi da zarar ka saya, domin a wasu injuna tsinkewarsa yana lanƙwasa bawul.

Taya ma tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar hannu da ta haura shekara shida, a kan kwalta mai zafi da mota cike da iyali, ba abin da za a yi tsimi a kansa ba ne. Awon iska yana rubuce a ginshiƙin ƙofar direba, a auna da safe, a haɗa da safaya.

Da damina, in ruwa ya cika titi ko ƙorama ta kawo a hanyar Madarumfa, ka jira ya janye. Injin da ya shaƙi ruwa sau da yawa sai an sauke shi. Ka tsayar da makanike ɗaya, ka riƙa sayen kayan gyara da kanka ko tare da shi, ka ce a ba ka tsohon da aka cire. Ka ajiye ƙaramin littafi a aljihun gaban mota, duk juyen mai da duk gyara ka rubuta rana da kilomita da abin da ka kashe. Batun aro kuma ka yanke wa kanka ƙa'ida tun makon farko, domin biki da suna da kai mara lafiya asibiti ba sa ƙarewa a unguwa: wanda ba shi da lasisin tuƙi kada ka ba shi makulli, in hanya ta kama ka kai su da kanka.