Kafin ka sayi faifan tsohon fim marar magana

'Yan uwa masu tara fina-finan soyayya da barkwanci na zamanin da ba a magana a fim, ku fara duba Internet Archive, shafin intanet da ke adana tsofaffin fina-finai da littattafai kyauta, kafin ku fitar da kuɗi.

A dokar Amurka, fim in ya cika shekara 95 ya zama na kowa. Don haka fim ɗin It na jaruma Clara Bow (1927) da Show People na jaruma Marion Davies (1928) sun zama na kowa. Ni kyauta na kalli It a shafin, har murmushin Clara Bow a bayan kantar shago ya fito tas.

Sai dai wani kwafin dishi-dishi ne, babu kiɗa. Wanda aka gyara aka sa masa sabon kiɗa kuwa, kiɗan da mai shi. Nan kam sai ka saya.